Gani Ya Kori Ji

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a ganina karatun da hannu bai taɓa ba, ba ya zama a ka. Ƙanena yana makarantar allo a Rogo. Da kansa yake dafa tawada, ya feƙe alƙalami. In tawadar ta tsinke, shi zai gano dalili, ya ƙara ƙaro. Ni kuwa na haddace darasin noman rani don jarrabawa, amma ban taɓa yin ban-ruwa ba, alhali madatsar ruwan Challawa tana nan Karaye tun 1992. Ina roƙon malamanmu su ba kowane aji fili, mu shuka, mu auna, mu rubuta abin da muka gani. Kada mu fita da takardar shaida, kai kuwa fanko.