Rediyon Zango, a gaya mata inda za ta je

A gidajen haya na unguwannin Nima da Mamobi a Ankara babu abin da ke ɓuya. Ɗaki na jingine da ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. In miji ya rufe ƙofa yana jibgar matarsa da tsakar dare, gida kaf na ji. Gari na wayewa a gaisa, a tambaye ta kwanan yara, kowa ya yi kamar bai ga kumburin idonta ba. In ta kai ƙara gidansu, amsar ba ta wuce "ki yi haƙuri, zaman aure ke nan."

Shi ya sa nake ganin masu cewa aikin rediyo shi ne ya sanar da mu akwai cin zarafin mata sun raina mana wayo. Mun sani sarai. Abin da mai sayar da koko a bakin titin Nima ba ta sani ba shi ne ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Tun 2007 Gana ke da dokar hana cin zarafi a cikin gida, doka mai lamba 732, wadda ta haɗa duka, da barazana, da tauye wa mace haƙƙinta na kuɗi. Rundunar 'yan sanda na da sashe na musamman kan irin wannan cin zarafi, DOVVSU, wanda aka kafa a 1998 da sunan WAJU. Dokar yara ta 1998 kuma ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Duk waɗannan da Turanci aka rubuta su, kuma da Turanci ake yawan tattauna su a otal-otal, inda ake raba abinci a watse.

Rediyo na iya cike wannan giɓi. Radio Ada ta nuna hanya tun 1998, tana magana da masunta da masu haƙar gishirin Songor da yarensu na Dangme, har ta kai a 2022 wasu suka afka wa tashar saboda shirye-shiryenta. Mu ma muna da Marhaba FM, muna da shirye-shiryen Hausa a gidan rediyon ƙasa. To me muke yi da su? Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, lokacin gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, sai ka ji ko'ina ana batun mata. Kuɗin masu tallafi na ƙarewa a koma ƙwallo da siyasa.

Ni dai shirin da nake so mai sauƙi ne. A faɗa da Hausa, dalla-dalla: 'yan sanda za su ba ki takardar zuwa asibiti, doka ta ce magani kyauta ne, ko da yake sau da yawa ana neman kuɗi kafin likita ya sa hannu, kuma a nan ƙarar mata da yawa ke mutuwa. A faɗi haka, a kira jami'in da abin ya shafa ya amsa a gaban jama'a. A sa shirin da hantsi, lokacin da maza suka fita, a maimaita shi da dare don samarin da ke shan shayi a majalisa. Kar kuma a manta 'yan matan kayaye, masu dako da suka zo daga arewa, waɗanda ko dangin kai wa kuka ba su da shi a Ankara.

Sai a yi hattara da kiran waya kai tsaye. A Zango murya ma suna ce. Matar da ta kira ta faɗi damuwarta, kafin ta ajiye waya uwar mijinta ta gane ta. A karɓi saƙonta a asirce, mai gabatarwa ya karanta.

Malamanmu kuma su shigo ɗakin shirin. Magidancin da ba ya jin maganar lauya zai saurara in malamin unguwarsu ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Masu gidajen rediyo, ku ware wa wannan batu awa guda kowane mako, ko da mai tallafi ko babu.