Zauren 'Yan Mata: Barewar Kura Da Mai Kwat

 Na san na yi muku alkawarin ci gaba da maganar lefe, to ku yi mini afuwa, wani abu ne ya taso a cikin dangi wanda ya hana ni barci kwana biyu.

Ranar Asabar na tashi daga Kumbotso na tafi Kura gaida Yayata. Ina yin sallama sai na tarar da mijinta a tsakar gida yana fito da buhunan shanshera, shinkafar da ya sha wahalar nomawa da ruwan Tiga, wai zai kai kasuwa tun ba ta yi kuɗi ba. Na ce, "Malam, lafiya dai ko?" Sai Yaya ta ja ni ɗaki tana rawar jiki, ta ce, "Ke dai bari, 'yarki ce za ta tafi Amurka!"

Wannan 'ya tawa tana aji biyar a sakandare, kuma Allah Ya hore mata gudu. Tun tana ƙarama in an aike ta kai abinci gona, ta bakin kanal take bi a guje, shi ya sa ake ce mata Barewa. Bana ta cinye mita 200 da 400 a gasar makarantarsu. A nan ne wai wani mai kwat ya gan ta, ya biyo ta har gida, ya ce zai samo mata karatu kyauta a jami'ar Amurka, a ba shi N800,000 kuɗin fom da biza kawai. Kai jama'a!

Abin da ya sa irin wannan magana take shiga kunne shi ne akwai gaskiya a gindinta. Jami'o'in Amurka suna biya wa 'yan wasa karatu. Tun da aka yi wata doka a can a 1972 wadda ta hana fifita maza a kan mata a makarantu, ƙofa ta buɗe wa 'yan mata sosai. Nawal El Moutawakel, Musulma 'yar Maroko, tana ɗaliba a jami'ar jihar Iowa ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1984. Mary Onyali tamu a Texas Southern ta yi karatu, Falilat Ogunkoya a jami'ar jihar Mississippi, dukansu biyu sun dawo da lambobi daga Atlanta a 1996. Tobi Amusan ma ta jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, kafin ta kafa tarihin duniya a 2022.

To amma ga inda gizo yake saƙar, kuma nan ne mai kwat bai faɗa ba. Hukumar da ke kula da wasannin manyan jami'o'in, wato NCAA, ba ƙafarki kaɗai take dubawa ba, sai ta ga takardarki. Sakamakonki na shekara huɗu ake aika mata, da na jarrabawar fita, a ƙirga darussa 16 na Turanci da lissafi da kimiyya da makamantansu. A rukuni na ɗaya sai kin sami maki 2.3 cikin 4 kafin ki shiga gasa a shekarar farko. In kin je ma ba a gama ba, domin dole ki zama cikakkiyar ɗaliba, kuma kika fara faɗuwa jarrabawa sai a ajiye ki a benci komai gudunki. Jami'o'in rukuni na uku kuwa ba sa ba da tallafin wasa ko sisin kwabo.

Sannan kalmar nan "kyauta" ku riƙa tauna ta kafin ku haɗiye. Shekara da shekaru doka ta tsayar da gurbin tallafi 18 ne ga ƙungiyar 'yan gudu mata, a yayyanka shi tsakanin yara sama da talatin, wata ta sami rabi, wata kuɗin littafi kawai. A 2025 an sassauta wannan ga makarantun da suka shiga sabon tsari, amma har gobe aljihun makaranta ke yanke hukunci, kuma da yawa shekara-shekara ake sabunta shi. Biza fa? Ba wanda ke sayar da ita a jaka. Jami'a ce ke aiko da takardar da ake neman ta da ita, ga shi a Disamban 2025 Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai.

Na ce wa 'yar tawa, "Ɗauko mini katin sakamakonki." Ta yi ta noƙe-noƙe. Ashe lissafi da jan biro aka rubuta shi zango biyu a jere! Na ce mata ko nan BUK ko jami'ar Wudil take so ta shiga har ta yi gudu a gasar NUGA, wannan jan biron zai tare ta a bakin ƙofa, kuma hukumar tallafin karatu ta jiha takardar shiga makaranta take tambaya. Ni dai a raina ban so ta daina gudun, tana yin sa da dogon wando da ɗan hijabinta, ban ga aibunsa ba, duk da ƙananan maganganun maƙwabta. Malamar wasanninsu ta ce za ta riƙa rubuta lokacinta da agogo duk gasar da ta shiga, domin lokaci a rubuce mai horarwa yake nema, ba "ta tsere wa kowa" ba.

Na karɓi wayar Malam na kira mai kwat. Na gaishe shi da ladabi, na ce, "Yallaɓai, don Allah mene ne sunan jami'ar, kuma wane ne mai horarwar, mu rubuta masa da kanmu?" Ya ce yana cikin taro, zai kira.

Yau kwana tara ke nan. Buhuna sun koma ɗaki, banda guda ɗaya da Malam ya sayar ya biya malamin lissafi, yana zuwa Talata da Alhamis bayan la'asar.