Martani: Malam, Ba A Yi Wa Littattafan Hausa Kuɗin Goro

Jawabin da wani malamin makaranta ya yi wa iyayen yara a nan Tudun Wada ya zaga gari, har ana ta maimaita shi a majalisu. Ya tuhumi littattafan da ake kira na soyayya da laifuffuka huɗu. Malam, da girmanka, amma akwai gyara.

Ka ce su suka lalata tarbiyyar 'yan mata. Wanne daga ciki? Ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta, saurayin da take so ya guje ta saboda ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ka zaga ƙauyukan Doguwa da Kiru ka ƙirga Abu nawa za ka tarar. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa labarin Rabi ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya. Wannan ɓarna a gidajenmu marubuciyar ta tarar da ita, abin da ta yi kawai shi ne ta faɗa. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafai an cinna musu wuta a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sakin aure bai ragu don haka ba, talla ma ba ta ragu ba.

Ka ce satar fina-finan Indiya ne. Akwai masu yi, ba musu. To amma in aro laifi ne, sai mu fara da Abubakar Imam, wanda kake koyarwa a aji. Magana Jari Ce cike yake da labaran da ya ɗauko daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu riga da hula har ba mai gane baƙi ne. Abin tambaya shi ne ko mai aron ya iya ɗinki. Abin dariya ma, kamfanin Blaft na Indiya ne ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Ingilishi a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Zargi na uku shi ne wai ba adabi ba ne, kayan kasuwa ne. Wannan tsohuwar magana ce. Ibrahim Malumfashi ya yi ta tun shekarun 1990, ya kira su Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar masa a jaridu. Shi dai ya karanta kafin ya soke su. Kuma me ya kai su kasuwa? Kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, ya ja baya lokacin da tattalin arziki ya karye. Su Ado Ahmad Gidan Dabino suka haɗa 'yan kuɗinsu suka buga da kansu, In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991 ya karaɗe ƙasar Hausa. A yankinmu, inda ɗakin karatu sai dai a ji labari, teburin mai hayar littafi ne ya riƙe karatu. Duk wanda ya taso a nan ya san kamannin littattafan hayar: bango ya yage an liƙe shi, gefen shafi ya yi baƙi da maiƙo, sunaye uku ko huɗu a ciki kowa ta soke na wadda ta riga ta. Matan aure da yawa da suka tsaya a aji uku na firamare, a nan karatunsu ya nuna. Masu turara shinkafa kuwa a rediyo suke bin labarin, hannu na aiki kunne na saurare.

Na huɗu, ka ce Hausarsu ta karye. Nan kam ka yi gaskiya, har ma ka rage. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ, littafi ɗaya a ja shi kashi huɗu don ciniki. Yanzu da harkar ta koma WhatsApp da Wattpad, wasu na zuba batsa tsagwaronta ana biya ta waya, ba edita ba mai dubawa. Waɗannan a kira su da sunansu a soke su. Sai dai ka tuna su wa suka koya wa marubutan nan ƙa'idar rubutu, ko suka kasa koya musu.

Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta mata marubuta. Ina roƙonka, Malam, ka zaɓi ɗalibai mata biyar masu hannu, ka zauna da su ka gyara musu rubutu, ka sa su shiga ta bana.