A Daina Ɗora wa Masai Laifin Maigida

Duk matar da ciwon sanyi ya kama a ƙasar nan, amsa ɗaya ake ba ta: a banɗaki kika kwaso. Uwar miji ta faɗa, mai kemis ya gyaɗa kai, maigida ya yi ajiyar zuciya. Ƙarya ce! Ciwon sanyi da tunjere ta hanyar kwanciya ake ɗaukarsu, ba a tsugunnon masai ba. Akwai ƙaiƙayin mata da ba ruwansa da namiji, gaskiya ne, amma gwaji ne ke bambance su, ba wanda ke ihu da lasifika a bakin tasha da jarkar tsimi ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ƙaryar nan ke cin mata. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace shiru, ba zafi ba alama, har ya haura ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ta je asibiti ita kaɗai, ta sha magani, ta dawo ɗakin da aka ba ta cutar, a sake ba ta. Malam kuwa ya haɗiyi kafso huɗu a kemis, fitsari ya daina zafi, wai ya warke. Wannan shan maganin rabi da rabi yana cikin abin da ya sa ƙwayar cutar take ƙin jin magani yanzu. Shekara uku babu haihuwa, dangi su ce juya ce, a yo mata kishiya, amarya ma ta karɓi nata kason.

Tunjere kuma yana bin jini ya kashe ɗa a ciki, alhali allurar fenisilin tana maganinsa idan an gano shi a awon ciki. Mu sai mu ce iska ce.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano, ta ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Madalla. To bayan ɗaurin aure fa? Takardar ranar biki ba ta bin mutum Legas ko Abuja cirani. Ka ambaci kwaroron roba a majalisa, a ce ka zo da fitsara. Ka ce maigida ya raka matarsa a gwada su tare, ya ce an ci masa mutunci. Wane mutunci? Likita ya rubuta masa magani a takardar matarsa, ya yage ta a zaure.