Hajiya Bilkisu Yusuf da aikin sharhin siyasa

An haifi Hajiya Bilkisu Yusuf a shekarar 1952. Ta yi karatun sakandare a makarantar 'yan mata ta Dala da ke Kano, ta karanci kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, sannan ta ƙaro ilimin aikin jarida a Mosko. Ke nan kafin ta fara faɗa wa jama'a ra'ayinta kan mulki, sai da ta zauna ta karanci mulkin.

Daga 1983 zuwa 1987 ita ce editar Sunday Triumph, jaridar kamfanin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano. Kujerar edita a wancan zamani ba wurin hutu ba ce. A ƙarƙashin Doka ta 4 ta 1984 sojoji suka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. A ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kai wa Dele Giwa na mujallar Newswatch ƙunshin saƙo a gidansa na Ikeja, bam ya tashi da shi. A cikin wannan yanayi mace 'yar Arewa ke zama da jan biro, tana tace kowane layi kafin a kai wa masu ɗab'i, da sanin cewa duk abin da ya fito da safe wuyanta ne. Daga nan ta zama editar New Nigerian a Kaduna, kuma a 1990 ta koma mujallar Citizen.

Wasu kan ce ai Triumph da New Nigerian jaridun gwamnati ne, editansu ba shi da bakin magana. Ko da haka ne, editan lokacin ya san dole ya kare abin da ya buga da hujja. Yau fa? Fagen ya koma hannun sojojin baka. A saya wa mutum minti goma a gidan rediyo, a cusa masa 'yan kuɗin mai a aljihu, ya zage ya ci mutuncin dattijon da ya haife shi, gobe ya sauya uban gida ya lashe amansa, a kuma kira wannan sharhin siyasa. Abin kunya ne, kuma gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin suna da nasu kason na laifin. Jaridun da suka horar da irin su Bilkisu kuwa an bar su sun durƙushe. Ita Triumph har rufe ta aka yi a 2012.

Bilkisu ba ta tsaya ga alƙalami kaɗai ba. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar WIN ta matan Najeriya, da FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985. A shafinta na Daily Trust da rubuce-rubucenta a Leadership ta dage kan ilimin 'ya'ya mata, da mutuwar mata wajen haihuwa, da zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista, tana ɗaukar su a matsayin siyasa tsantsa, tunda kasafin kuɗi da doka ne ke yanke su.

Ta rasu ranar 24 ga Satumba 2015 a turmutsutsun Mina, lokacin aikin Hajji, tana da shekara 62. Allah Ya jiƙanta da rahama.