Kada Mu Raina Ƙwaƙwalwar Ɓera

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu manyanmu, har da wasu daga cikinmu, wai binciken da ake yi a kan ƙwaƙwalwar ɓera ɓarnar dukiya ce, aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga hujjarmu.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kakanninmu sun lura da wannan hali, amma a jikin ɓera aka gano mazauninsa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan curi da ake kira amigdala, ɓera na da shi, mu ma muna da shi. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinsa suna aika wa juna saƙo ta wata 'yar mahaɗa, kuma babban ɗan aikensu shi ne sinadarin gulutamet, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908 cewa shi ke ba romo armashi, har aka yi Ajinomoto da shi. A ƙetaren mahaɗar akwai ƙofofin da ke karɓarsa. Ƙofar AMPA tana buɗewa nan take. Ita kuwa ƙofar NMDA, maganiziyam ne ke toshe ta, kamar yadda aka gano a 1984, ba ta buɗewa sai ƙwayar ta motsu ƙwarai. In ta buɗe sai kalsiyam ya shiga, ƙofofin AMPA su ƙaru, hanyar saƙon ta faɗaɗa.

To, ina ruwan wannan da tsoro? Masana sukan jiyar da ɓera wani sauti, su bi shi da ɗan jan lantarki a ƙafa. Saƙonnin biyu sai su haɗu a amigdala, daga nan da ya ji sautin kaɗai sai ya sandare. A 1990 Michael Davis da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka toshe ƙofar NMDA a amigdalar ɓera, sai ya kasa koyon sabon tsoro, alhali tsohon da ya koya yana nan. A 1992 suka nuna cewa rabuwa da tsoro ma sai da wannan ƙofa, wato shi ma sabon darasi ne da ƙwaƙwalwa ke ɗauka. A 1997 Joseph LeDoux da jama'arsa a Jami'ar New York suka auna ƙarfafar hanyar a kan ɓera mai rai.

Masu sukar za su ce ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne. Amma a 2002 an ga wani tsohon maganin tarin fuka, D-cycloserine, mai taimaka wa ƙofar NMDA, yana hanzarta rabuwar ɓera da tsoro, a 2004 kuwa aka gwada shi a Jami'ar Emory a kan mutane masu tsoron hawa bisa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna amfaninsa kaɗan ne. Duk da haka, daga kan ɓera aka fara, kuma yanzu an san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Mu ne ma muka fi kowa bukatar wannan ilimi. Tun daga 2009 jama'ar Barno da Yobe da Adamawa suka ga abin da ido bai so gani ba. Yaron da ke makyarkyata in taya ta fashe, wasu su ce ragwanta ce, wasu su ce iska ce. Kaico! Hanya ce firgici ya faɗaɗa a amigdalarsa, kuma da magani da haƙuri ana iya koya masa natsuwa. Wa zai yi wannan aiki in ba likitocinmu ba? Ta yaya za su iya in an ce da su ilimin nan na masu ƙoshi ne?

Saboda haka muna kira ga hukumomi da su wadata ɗakunan bincikenmu da kayan aiki, da lantarki, da dabbobin gwaji. Ku kuma ƙananan ma'aikata da takardun kasafi ke bi ta hannunku, kada ku soke kuɗin bincike don kun ga an rubuta ɓera. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ganar da mu, amin.