Sai Bango Ya Tsage

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wani ciwo da muke yi wa shiru a gidajenmu saboda kunya, alhali kuwa 'yan kasuwa ba su ji kunyar cin riba da shi ba. Ina nufin tsagewar kan nonon mai jego a makonnin farko na haihuwa. Mace tana cije leɓe duk sa'ad da jariri ya kama, wani lokaci har da jini, amma iyakar abin da maigida ɗan boko ya sani shi ne ya biya kemis ya sayo man shafawa, ya miƙa mata, ya ɗauka ya sauke nauyi.

To, bari mu faɗi gaskiya komai ɗacinta. Yawancin wannan ciwo daga kamun jariri yake tasowa. Idan bai wage baki ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono ba, sai ya riƙa murje fatar tsakanin harshensa da ganɗarsa har ta tsage. Babu man da zai gyara wannan, sai ungozoma ko nas da za ta zauna ta nuna wa uwa yadda za ta rungumo ɗanta, cikinsa na fuskantar nata, haɓarsa na taɓa nono. Ko man lanolin da ake tacewa daga gashin tumaki, wanda ake ta kambamawa, binciken da cibiyar Cochrane ta tattara a 2014 bai nuna ya fi ɗigon nonon uwar ba, in ta shafa ta bar shi ya bushe.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wace irin wayewa ce za ta sa a shafa man zafi mai kafur, ko man sauya launin fata, a wurin da jinjiri ɗan kwana bakwai zai sa baki? Ashe mun manta abin da aka shafa wa nono cikin yaro zai tafi?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren nan shi ne madarar gwangwani. Da zarar mai ya kasa, zafi ya ci tura, sai a ce nononta ba shi da kyau, a koma kanti, a dama madara da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ta biyo baya. Saboda irin wannan ɓarna ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallar madarar jarirai a 1981, kuma tun 2001 take ba da shawarar nono zalla har wata 6.

Saboda haka, jama'a, mu daina fakewa da kwalba. In fata ta bushe, ɗan man kaɗanya mai tsabta ya wadatar. In nono ya kumbura, ya yi ja, zazzaɓi ya shigo, to asibiti za a nufa ran nan, ba kemis ba. Mu kuwa da muka ci moriyar makaranta, wajibinmu ne mu raka matanmu da 'yan'uwanmu mata wurin ungozoma, mu tambaya ba tare da sunkuyar da kai ba. Kunyar da za ta raba jariri da nonon uwarsa ba tarbiyya ba ce, sakaci ne.